Kujerar da babu kowa a kai

Duk ranar Lahadi, in muka bi ta France Road ko New Road a Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Fagge, waƙa ce ke tashi daga coci-coci. Amma a ƙungiyar mawaƙanmu akwai kujera ɗaya da ta yi makonni babu kowa a kai. Mai ita an kama shi da satar amsa a jarrabawa. Ba wanda ya kore shi, kunya ce ta hana shi zuwa. Mu kuma, gaskiya, gulmarsa muka fi yi.

Mun manta da Bitrus. Sau 3 ya yi musun sanin Yesu kafin zakara ya yi cara, yana jin ɗumi a bakin wutar gawayi. Ya fita ya yi kuka mai zafi. A Yohanna sura 21, bayan tashin Yesu daga matattu, sai ga wata wutar gawayin a bakin Tekun Tibariya, da kifi da gurasa. Sai da suka karya kumallo tukuna Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, ya kuma damƙa masa kiwon tumakinsa. Bai ce laifin ƙarami ba ne, bai kuma yi masa gori ba. Wannan Bitrus ɗin ne ya yi wa'azi ranar Fentikos, mutum wajen 3,000 suka tuba.

Abokinmu zai sake zama jarrabawar, wannan hukunci yana nan. Ranar Asabar, kafin gwajin waƙa, mu biyu za mu biya ta gidansu mu taho da shi.