KIWON LAFIYA: Ƙwayar Cuta Mai Rigar Aro

A shekarar 1934 ne waɗansu masana biyu na Jami'ar Kolambiya ta Amurka, Karl Meyer da John Palmer, suka fitar da wani sinadari mai yauƙi daga idon saniya. Shi ne ake kira hayaluronik asid. Akwai shi a jikin kowa, a fata da ido da gaɓoɓi, yana riƙe ruwa.

To, abin mamaki, ƙwayar cutar nan Streptococcus, wadda ke sa wa yara ciwon maƙogwaro, da wannan sinadari take lulluɓe kanta. Rigar tata ba ta da bambanci da ta jikin mutum, saboda haka sojojin jini sukan ɗauke ta 'yar gida, su ƙyale ta. In aka yi sakaci da ciwon, yana iya jawo zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi, ya ɓata zuciya. Waɗansu ƙwayoyin kuwa, kamar mai kawo maruru, narkar da sinadarin suke yi don su sami hanyar bazuwa. Dafin maciji ma haka yake yi.

Da daga zankon zakara ake tatsar sinadarin, yanzu kuwa galibi dangin Streptococcus ɗin ake kiwo a masana'anta su yi shi. Likitoci kan sa shi a maganin ƙuna da gyambo, wani lokaci a gauraye da azurfa. Amma fa azurfar ce ke kashe ƙwayoyin, shi aikinsa hana miki bushewa. Yaron da ƙwayar ta kama wa maƙogwaro kuwa, fenisilin yake bukata daga hannun likita.