A Auna Tsohon Zuru Tun Damina Ba Ta Cinye Shi Ba

A watan Afrilu na 2019 gobara ta cinye rufin babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris. Cikin abubuwan da suka taimaki Faransawa har suka sāke buɗe ta a Disamba 2024 akwai aikin wani malami, Andrew Tallon, wanda kafin rasuwarsa a 2018 ya bi ginin lungu-lungu da na'urar awo mai harba haske. Na'urar ta ɗauki ɗigo fiye da biliyan ɗaya, kwamfuta ta harhaɗa su, surar ginin ta fito da tsawonta da faɗinta da tudunta, yadda magini zai iya juya ta ya auna kaurin kowane bango.

Wannan ginin dutse ke nan. To, ina ga namu na ƙasa, wanda kowace damina sai ta ci rabonta?

Ƙasar Zuru nake nufi. Kufan Lelna na kan duwatsu, da rumbunansu, da kaburburan da ake ƙawata wa da gumakan yumɓu, da wurin tsafin Girmace, taswirar safiyo ba za ta nuna kamanninsu ba, don ita iyakar fili kaɗai ta sani. Gumakan nan kuwa da yawa sun riga sun tsallaka kasuwannin Turai, kwano da bulo kuma suna ta maye gurbin tsofaffin gidaje. Kada wani ya ce abin na Turawa ne kawai. Masu aikin Zamani na Jami'ar Cape Town sun yi wa masallacin Jenne na ƙasar Mali irin wannan awo, shi ma ginin laka ne.

Yau ƙaramin jirgi marar matuƙi da kyamara sun isa a fara. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi da Majalisar Masarautar Zuru su ɗora wa ɗalibai masu koyon safiyo da zanen gine-gine wannan aiki, maimakon rubuce-rubucen ƙarshen shekara da ƙura ke rufewa a kabad. Amma da sharaɗi: dattawa su ne za su faɗi inda ido zai kai da inda ba zai kai ba, kwafin farko kuma a Zuru zai zauna, ba a Birnin Kebbi kaɗai ba. A tafi da tsofaffin magina wurin awon, domin na'ura ba ta san yadda ake kwaɓa ƙasa ba.