Ƙurar Filinmu Ta Fi Hasken Talabijin

Duk ranar Asabar matasan Kafin Hausa kan cunkushe a gidajen kallo, janareto na ruri, ana cacar baki a kan Arsenal da Manchester United. Na ga aminan da suka daina gaisawa saboda ƙwallon da aka zura a Landan, alhali wanda ya zura ta bai taɓa jin sunan garinmu ba. A daidai wannan lokaci yaranmu na can filin firamare suna fafatawa, ’yan kallonsu ba su cika tabarma biyu ba. Ni can nake zuwa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Za a ce wasansu ba shi da fasali. Na yarda: filin rairayi ne, babu raga, wani ma ba takalmi. Amma a nan ina jin ƙarar ƙwallo a ƙafa, ƙura na shiga idona, na san mahaifin mai tsaron gida, in na yi masa kirari sai ya waiwayo. Wace talabijin ce ta taɓa waiwayar mai kallonta?

Kafin Ahmed Musa ya isa Leicester a 2016, a Kano Pillars ya yi suna, gaban ’yan kallon gida. To, ina Jigawa Golden Stars za ta samo irinsa, idan yaronmu ya girma bai taɓa jin tafi ba?

Ban ce a rufe gidajen kallo ba. La’asar ɗaya a mako nake roƙa wa yaranmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.