Masu sono, ku bar yanke wayar ƙasa kafin ku kashe wani

Yau maganata da masu sono ce, kuma na san wasu za su ji haushi. To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanan baya na je wani buki nan Urno, anka ba ni mikuro in gabatar da makaɗa. Tun kafin in buɗe baki bafur ke ta gurnani, "huuummm", kamar an rufe ƙudan zuma cikin tulu. Mai gurmi ya zauna ya taɓa tsirkiya, ba mu ji komai ba sai gurnanin. Na ce wa yaron da ke kan tabul ɗin miksaj ya gyara. Sai ya ɗauko filaya ya datse wayar ƙasa ta ampili, wadda muke kira "ter", ya dube ni yana murmushi. Ƙara kam ta ragu. Ba a jima ba mai waƙa ya kai mikuro bakinsa, wuta ta fizge masa leɓe, ya yar da shi ƙasa. Mutane sunka yi dariya. Wallahi ni gabana ne ya faɗi, domin na san abin da anka auna.

Mu fara da gurnanin. Kuran ɗin da NIGELEC ke ba mu bolt 220 ne, yana kai da komowa sau 50 cikin sakan guda. Wannan bugun 50 ɗin, da 'ya'yansa 100 da 150, su ne kuke ji in sun sami ƙofar shiga hanyar sauti. Duk gidan da ke da kuran yana da wanga bugu, har manyan situdiyo na Yamai. Bambancin, su sun toshe ƙofofi, ku kun bar su buɗe. Saboda haka ku bar ɗora wa kamfanin wuta laifi, ku bar cewa iskokai ne sunka shiga bafur.

Ƙofa ta farko: kun jona tabul a firiz ɗin gidan ango, ampili a firiz ɗin maƙwabci, sannan kun haɗa su da kabul ɗin sauti. Ƙasar gidajen biyu ba daidai take ba, sai ɗan kuran ya riƙa zagayawa ta cikin garkuwar kabul, ampili ya ɗauka ya ƙara masa ƙarfi. Magani: duk kayan sauti su sha daga wuri guda, ralonj guda mai kyau mai ter.

Ta biyu: dogon kabul mai jak na araha, mita ashirin ko talatin, kwance jikin wayar wuta. Kabul irin wannan eriya ce, duk hayaniyar da ke iska sai ya kwaso. Kabul mai ƙafa uku, XLR, yana ɗauke da sautin ta waya biyu, ɗaya a juye. In sun isa tabul, hayaniyar da sunka kwaso a hanya sai ta kashe kanta. Shi ya sa ake jan shi nesa ba matsala. In dole wayar sauti ta haɗu da ta wuta, su gitta juna, kada su yi tafiya tare.

Ta uku: cajar waya ta araha, cajar ordinate, kwan LED da ƙananan ondile na masu fanno. Su ba gurnani suke yi ba, tsiwa suke, "ziiii". Ku cire cajar ordinate ya zauna kan batir. In ƙarar ta ɓace, kun kama ɓarawo. Haka salula in tana kusa da kabul, kafin kira ya shigo za ku ji "tat-tarat-tat". Ku nisanta ta.

Gano mai laifi ba ya son kuɗi. A rage komai, a cire duk kabul daga tabul, a bar ampili da bafur kaɗai. In shiru, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda anka jona ƙara ta dawo, shi ne. Minti goma ya isa, amma sai an zo da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga inda nake faɗa. Wayar ƙasa ba don sauti anka sa ta ba, don rai ne. In wata waya ta gwigwiye cikin ampili ta taɓa jikinsa na ƙarfe, ter ce ke ɗauke wutar ta kai ƙasa, disjonkte ya yanke. In kun datse ta, wutar za ta bi kabul har jikin mikuro ta jira. Wanda ya riƙe mikuron, ƙafarsa a ƙasa, jikinsa da zufa, shi ya zama ter.

Kada ku ce tsoratarwa ce irin ta 'yan rediyo. Ranar 3 ga Mayu 1972, a garin Swansea na Birtaniya, makaɗin jita Leslie Harvey ya taɓa mikuron da ba shi da haɗin ƙasa mai kyau, ya mutu kan dandamali gaban masu kallo, yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, wanda ya yi waƙa da ƙungiyar Yardbirds, wutar jitarsa ta kashe shi cikin gidansa. Can da suke da dokoki da injiniyoyi ke nan. Ina ga mu da limami ke tsayawa kan siminti ba takalmi, bayan alwala, da mikuro a hannu?

Na san amsarku: "Malam, kuɗi." Ban yarda ba. Wanda ya iya tara jikkuna ya sayi bafur huɗu masu tsawon mutum ba zai ce kabul biyu sun gagare shi ba. Ana sayar da ƙaramin akwati da ake kira DI, yana da maɓallin da ke raba ƙasar sauti kaɗai, ya bar ta tsaro yadda take. Wannan ne yankan da ya halatta. Na filaya ganganci ne.

Wasu kuma za su ce ai da gurup suke aiki, babu ter tun asali. Gaskiya ne, tun da Najeriya ta katse mana wuta a watan Ogusta 2023, har zuwa Maris 2024, kowa ya saba da gurup da fanno. Sai dai wannan hujja ce a kanku. Gurup ma yana son a kafa masa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa. Kuma ƙasarmu ta Adar, duwatsu da tsandauri, in rani ya yi ba ta karɓar wuta da sauƙi; a kafa sandar da zurfi inda ke da laima, a riƙa zuba mata ruwa. A sa disjonkte diferansiyel na miliamfe 30, wanda ke yankewa da zarar wuta ta fara bin jikin mutum. A kira elektirisiye na gaske ya haɗa ya gwada, domin a kan gurup in ba a haɗa daidai ba, diferansiyel ɗin ado ne kawai.

Ku ma masu buki da kwamitocin masallatai, da ku nake. Kuna tambayar mai sono bafur nawa gare shi, ba ku tambayar ko kayansa na da ter. Ku sake tambaya. Jihar Tawa ce ta ba ƙasa sunan Ɗan Gurmu har anka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa. Abin kunya ne a ce gurmi ba ya jiyuwa a bukinmu don gurnanin waya.

Makaɗa da masu wa'azi, in mikuro ya taɓa cizon leɓenku ko sau ɗaya, ku aje shi, kada ku sake ɗauka sai an gyara. Ni dai daga yau duk taron da na tarar an yanke ter, ba ni riƙe mikuro, ko ɗan uwana ne ke aure.

Allah shi kiyaye mu. Ku tura wa mai sonon unguwarku.