Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Jama'a, a daina ruɗin talaka da sunan dimokuraɗiyya. Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu su ne babban aikin gwamnati. Amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu bin kadin alkawuran da ke Babi na Biyu, har da wannan. Ke nan mutumin Barunde da zaizayar ƙasa ta cinye masa gida ba shi da ikon kai ƙara bisa wannan alkawari.

Wa ma ya shawarce shi? Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta kafa kundin da Dokar Soja ta 24, ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba.

Masu mulki kan ce baitulmali ba zai ɗauka ba. To, a bar alƙali ya duba lissafin mana! Sashe na 9 ya ba da hanyar gyara: kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Duk ɗan takarar da ya zo Barunde neman ƙuri'a, a tambaye shi matsayinsa kan wannan gyara kafin a karɓi gishirinsa.