Hutun matuƙin jirgi kariya ce ga fasinja

A shekarun baya na raka mahaifiyata daga garinmu Liba zuwa Birnin Kebbi, za ta sauke farali. Muka kwana muna jiran tashi, sai aka ce matuƙan jirgin sun cika sa'o'in da doka ta yarje musu, dole su huta. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi ta Allah-wadai a ranar. Yau kuwa na janye maganata.

Duk wanda ya taɓa bin motar albasa daga Aliero zuwa Kudu ya san yadda idon direba ke komawa idan ya kwana biyu bai runtsa ba. To shi yana iya rakuɓewa gefen titi ya kishingiɗa. Shi kuwa wanda ke sararin samaniya da ɗaruruwan rayuka, ina zai rakuɓe? Jiki magayi ne. A watan Agustan 2022 matuƙa biyu na jirgin Ethiopian Airlines da ya taso daga Khartoum barci ya kwashe su, har suka wuce filin Addis Ababa, sai da ƙararrawa ta farkar da su.

Shi ya sa na daina ganin baiken matuƙan da ke yajin aiki a kan jadawali da ranakun hutu. A shekarar 2019 matuƙan kamfanin SAS na Denmark da Norway da Sweden sun ajiye aiki na mako guda, aka soke tashin jirage kimanin 4,000. Ban da albashi, babban kukansu shi ne mutum ya san ranar aikinsa da ranar hutunsa tun da wuri. Na yarda fasinjoji sun sha wahala, kuma ba su ne suka kar zomon ba. Amma wahalar jira tana wucewa.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin illar fifita jadawali a kan rai. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, mutum 261 suka rasu. Ba barci ne sila ba. Tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, aka ƙi jinkirta tashi don a gyara. Sauri ya haifi nawa.

Don haka ina kira ga hukumar NCAA da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, kada su bar kamfanin da ba shi da isassun matuƙa ya yi jigilar jama'a. Mu kuma fasinjoji, idan aka ce matuƙi na hutawa, mu tuhumi kamfanin da bai tanadi madadinsa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kai matafiya gida lafiya.