Maƙalar Mako: "Dizal ba ya mutuwa"? Ku tambayi wanda tasa ke kwance a gareji



A makon jiya wani ɗan uwa ya kawo tambaya zauren nan. Ya karɓi kuɗinsa na sallama bayan ritaya, yana son jif ta alfarma, dillali ya ajiye masa biyu: tsohuwa mai dizal 'yar Turai, da wata mai fetur da ta fi ta ƙuruciya, ta kuma fi ta tsada. Kafin a yi la'asar amsoshi sun cika, kusan duk baki ɗaya: "Alhaji ɗauki dizal, ba ya mutuwa, ba ya shan mai." Mu ba mu yarda ba, kuma ba za mu yi shiru dukiyar bawan Allah ta salwanta saboda kirari ba.

Kirarin nan yana da asali, amma ba wannan motar aka yi wa shi ba. An yi shi ne ga tsohuwar Land Cruiser mai injin lita 4.2, silinda shida a jere, irin wadda ke keta Sahara daga Agadas, kanikawa su kwance famfonta a gindin bishiya su mayar. Wadda dillali ke nuna muku yau wata halitta ce daban. Nozul ɗinta na fesa mai da ƙarfin da ya kai ba 1,600 zuwa 2,000, ta ramukan da ido ke gani da ƙyar. Ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya isa ya kashe su. Mu kuwa mun san irin dizal ɗin da ake samu a wasu gidajen mai da wajen 'yan bumburutu.

Sannan ku tambayi kanku, me ya sa Bature ya rabu da ita? A 2015 aka bankaɗo badaƙalar Volkswagen ta maguɗin gwajin hayaƙi, darajar dizal ta fara zubewa. A watan Fabrairun 2018 kotun tarayya da ke Leipzig ta ba biranen Jamus damar hana tsofaffin motocin dizal shiga wasu tituna. Hamburg ta fara a shekarar, Stuttgart ta biyo baya a 2019. Motar da aka rufe wa ƙofa a garinsu, ina za ta? Jirgin ruwa, Kwatano, sai layin dillalanmu, an wanke ta tas ana ce mata "'yar Beljiyam ce, ko ƙwarzane babu."

Batun shan mai ma lissafin aro ne. Gaskiya ne injin dizal yana rage sha da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma a Jamus da Faransa an daɗe harajin dizal bai kai na fetur ba, shi ya sa suka rungume shi. A nan dizal ya shekara da shekaru babu tallafi a kansa. Ko bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuma matatar Dangote ta fara fitar da dizal a 2024, a yawancin gidajen mai litar dizal ce ke gaba a tsada. Ɗan rarar da ta rage, gyara ɗaya na famfo da nozul zai lashe ta shekara guda.

Ga kuma abin da dillali ba zai taɓa faɗa muku ba. Tun daga dokar hayaƙi ta Euro 5 a 2009, motocin dizal na Turai suna zuwa da matacin toka a cikin salansa. Matacin nan ba ya wanke kansa sai hayaƙi ya yi zafin kusan digiri 600, wato sai an miƙa hanya ana gudu. To Alhajinmu ina zai je? Daga Hotoro zuwa kasuwa, kai yara makaranta, ɗaurin aure ranar Asabar, sauran duk cunkoso. Mataci ya toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi ja. A je gareji a fasa shi, a taɓa ƙwaƙwalwar mota, daga nan an shiga gyaran da ba ya ƙarewa. Waɗanda suka zo bayan Euro 6 kuma da yawansu har da ruwan AdBlue suke nema. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Mu je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna mu gwada. Ku nemi kayan injin fetur na Lexus GX 460 ko LX 570, kafin ku gama shan ruwa an kawo. Ku nemi na dizal ɗin Turai, sai a ce a jira daga Ladipo, ko a yi oda daga waje da kuɗin dala. Kanikawanmu da suka ƙware a dizal yawanci na tirela da tifa da janareta ne; masu na'urar gwada irin wannan nozul ba su da yawa. Ƙari a kan haka, mai fetur ana iya juya ta ta riƙa amfani da iskar gas ta CNG, abin da ke da wuyar gaske a dizal.

Kada a ce mun wanke fetur. LX 570 injin lita 5.7 gare ta, shan manta sai mai ƙarfin hali. Ba mu manta da gurɓataccen fetur na Fabrairun 2022 da ya lalata motocin jama'a ba. Kuma da yawan masu fetur 'yan Amurka sun sha haɗari ko ambaliya kafin a yi musu kwalliya. Wanda bai binciki lambar shasi da takardun kwastam ba, ya yi cinikin biri a sama, ko wane mai take sha.

Akwai wanda dizal ta dace da shi, mun yarda: mai zirga-zirgar Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, duk mako, mai gona a daji, mai jan kaya, wanda ke da amintaccen gidan mai da bakanike gwani. Shi ma Land Cruiser mai sauƙin inji muke nufi, ba ta alfarmar da ta tsufa a Turai ba.

Amma kai Alhaji, da ke cikin gari da kuɗin da ba za su sake zuwa ba, ɗauki mai fetur ɗin. In kuɗin ba su kai ba, sauko ka sayi ƙarama mai lafiya. Araha ba ta ado.

Masu kare dizal, fili naku ne a ƙasa. Sharaɗi ɗaya: duk wanda zai ce "ba ya mutuwa" ya faɗa mana shekarar motarsa, da nawa ya kashe a gareji bara. Zagi kuma za mu goge.

Allah Ya tsare mu da asara.